Rediyon da Ya Ce wa Makaho "Kun Gani?"

Zuwa ga Mai Girma Daraktan gidan rediyon da muke saurara da Hausa a nan Briqueterie,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Sunana Rabi, ina ɗinki a bayan kasuwar Mokolo. Mahaifina, Alhaji Bello, mahauci ne da ciwon suga ya cinye wa ido. Ƙanwata Safiya kuwa tana buga hoki, wato ƙwallon gora, a wata ƙungiyar mata. Da farko Baba bai so ba. Mai sharhinku Malam Hamadu ne ya sauya masa ra'ayi, domin idan yana magana, Baba yakan san gefen da ƙwallo take, da wadda ke jan ta da sanda, da saura minti nawa. Har ya haddace sunayen 'yan wasan. Ga abin da ya kawo ni.

Na ɗaya. Ranar Asabar da ta wuce ƙungiyar su Safiya ta buga wasan ƙarshe na cin kofi. Bayan la'asar na zauna da Baba a zaure, rediyo a cinyarsa. Maimakon Malam Hamadu sai muka ji wata murya daban. Daga baya na gane cewa sautin talabijin kuka jona mana kai tsaye, ba tare da ko sanarwa ba. Mutumin yakan yi shiru mai tsawo, sai ƙarar sanduna da ihun 'yan kallo, can ya ce, "Kai! Kun gani?" Ban ga laifinsa ba. Masu kallo yake yi wa aiki, hoton yana gabansu. Amma mu me za mu gani a jikin rediyo?

Na biyu. Ana cikin wasa sai filin ya ɗauki salati. Mai sharhin ya ce, "Subhanallahi, a fuska ta same ta. Ku dubi jinin nan. Bari a maimaita muku." Bai faɗi suna ba, bai faɗi ƙungiya ba. Baba ya miƙe tsaye, rediyon ya faɗi ƙasa. Na kira wayar Safiya, ba a ɗauka ba, don tana cikin jaka. Dattijon da ko masallaci sai an riƙe masa hannu ya laluba sandarsa ya fita titi ba takalmi. Da ƙyar na cim masa, na tare mana taksi zuwa filin wasan. Muka maƙale a cunkoson Mokolo, yana ta kiran sunan Safiya, har sauran fasinjoji suka fara ba shi haƙuri kamar an yi rasuwa.

Da muka isa an tashi wasa. Wadda ta ji rauni abokiyar wasanta ce, an ɗinke mata gira, kuma tana samun sauƙi. Safiya lafiyarta ƙalau. Ita ce ma ta ci ƙwallon da ta ba su kofi, a daidai lokacin da ubanta ke kuka a bayan taksi. Washegari jininsa ya hau, muka kwana biyu a asibiti.

Na uku. Na je ofishinku ranar Talata. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya ce ai magana magana ce, ta talabijin da ta rediyo duk ɗaya. A ce mai aikin rediyo bai san cewa mai sauraro ba shi da ido sai bakin mai sharhi ba?

Ranka ya daɗe, roƙona kaɗan ne. Ku mayar da Malam Hamadu, ko wani da ya iya aikin, bakin fili. Idan dole ta sa za ku jona sautin talabijin, ku sanar tun da wuri, kuma ku ajiye wanda zai riƙa faɗin suna idan an ji rauni. Sannan ina so wani daga cikinku ya tako gidanmu ya ba Baba haƙuri. Tun da muka dawo daga asibiti sau uku yana sa Safiya ta kwatanta masa yadda ta ci ƙwallon, ita kuma ba ta iya ba da labari ba.

Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, ya ƙara maka lafiyar ido da ta zuciya.

Wassalam.

Rabi Bello,
Briqueterie, Yaoundé.