Hannun Malam Bala

Daren Laraba, Nyanya

Yau na gama da Malam Bala, tsohon malamina na zane, kuma ko a jikina.

Mu biyu aka kira ma'aikatar ilimi a kan aikin zanen wani littafin yara. Ya shigo da tsohuwar jakarsa, ya baje zanuka a teburin darakta. Kallo ɗaya na yi na gane tun na zamanin soja ne, takardun har sun yi ja. Darakta bai lura ba, sai cewa yake, "Masha Allah, Baba, akwai hannu."

Sai na tsoma alƙalamina a tawada, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Malam, a nuna wa oga yadda ake jan layi ba fensir, kamar yadda ka koya mana."

Na san hannun yana rawa, na ga yadda ya riƙe kofin shayi. Shi ma ya san na sani. Ya karɓa. Tun kafin alƙalamin ya taɓa takarda tawada ta ɗiga, layin ya tafi a karkace. Darakta ya kau da kai, ya hau danna wayarsa.

Aikin ya zama nawa. Mutumin da yake yaga zanena a gaban jama'a in ya ga alamar fensir, yau ya ɗanɗana.

A bakin get ya ce, "Ni ma ina kamar shekarunka rawar hannun ta fara, Sani. Daga babban yatsa."

Ƙarya yake yi. Tun da na dawo nake jan layi, duk suna fita sak. Takarda ta ƙare, na koma bayan kalanda.