Kabejin da Ya Yi Laushi

Talata da dare, sansanin masu aikin titi, Babura.

Yau ma injiniyan Cana da nake dafa wa abinci ya dawo da salak ɗina. Na zuba wa kabejin ruwan zafi, yadda muke yi a gida kafin kwaɗo, sai ya yi laushi. Sabo tafinta ya ce, "Baba Zamfara, mutumin nan ƙaras-ƙaras yake son ji. Ruwan ƙanƙara, riɗi, ɗan tsami, shi ke nan. Gobe in ka kuskure, sai ka ɗaure kayanka."

Raina ya ɓaci, amma da na ɗanɗana, gaskiyarsa ce. Shekara ashirin ina noman kabeji a fadamarmu kafin 'yan bindiga su kore mu. Yanzu kuma kabejin ke neman korata. Da asuba zan nemo ƙanƙara.