Farzidan Yana So Mu Yi Musayar Ɗan Wasanmu Mu Ɓoye Ciwon Gwiwarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanku da war haka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, sai da na duba ban ga ɗan garinmu a gurup ɗin nan ba kafin na rubuto, sunayen da zan faɗa ma duk na canza su. Shawararku nake roƙo don Allah, kuma in kun ji kaushi a bakina ku yi min uzuri, raina a ɓace yake.

Ni koci ne na wata ekip ta ƙwallo a nan Dakoro, ta unguwa ce, amma in aka zo gasar bayan girbi wadda ƙungiyoyin garuruwan kewaye ke shiga, ana jin sunanmu. Ba biyana ake ba, gyaran babur ne sana'ata, son abin ne kawai ya hana ni sakat. Mai riƙe da ekip ɗin wani Alhaji ne ɗan kasuwar hatsi, Farzidan muke ce masa, wato shugaba, shi ke sayen riguna da takalma, shi ke biyan yara. Ba zan ce bai yi mana komai ba, ya yi, amma irin mutanen nan ne da in sun ba ka ruwa sai sun tsaya ka gode musu a gaban jama'a.

Akwai ɗan wasanmu, mu ce sunansa Sanusi, shi ne mai cin ƙwallo. Tun yana buga balo ba takalmi a bayan lekol, wato makarantar boko, na ɗauko shi, yanzu ya yi aure har da 'yarsa, ubansa ya rasu, shi ke riƙe da tsohuwarsa. In Sanusi ya karɓi balo a gefen hagu ya sunkuyar da kai, ni kaina sai in bar ba da umarni in koma ɗan kallo. Duk kup ɗin da Farzidan ya jera a magazarsa, wato shagonsa na hatsi, yana nuna wa baƙi, ƙafar yaron nan ce ta kawo su, kowa ya san da haka har shi.

Sai na yi muku bayanin wata doka don ku gane inda matsalar take. A da masu kuɗi kan ɗauko 'yan wasan haya daga Maradi har daga Najeriya, ranar wasa sai ka ga ekip ɗin ƙauye cike da fuskokin da ba wanda ya taɓa gani, masu ƙaramin ƙarfi suka ce sun daina shiga. Shi ne komitin gasar ya sa iyaka, kowace ekip akwai abin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma duk wanda sunansa ke cikin ekip ana lissafa kasonsa, ko yana fili ko yana kwance. Dokar ta yi kyau, ni ma na ɗaga hannu ranar da aka kafa ta. To kason Sanusi shi ne mafi tsoka a wajenmu, muddin yana cikinmu ba mu da wurin ɗauko wani mai ƙarfi.

A tsakiyar daminar nan Farzidan ya buɗe sabuwar magaza, ya ce dole a yi wasan sada zumunci don a taya shi murna, kuma a filin da ke kusa da magazar, don mutane su ga gini. Filin nan hanyar shanu ce ranar kasuwa, an yi ruwa sun tattake shi, rana ta fito ya bushe da ramukan kofato kamar an bi shi da taɓarya. Na je na duba na ce masa ba a wasa a nan, in ma dole ne a bar Sanusi ya huta. Ya ce manyan baƙi za su zo, Sanusi suke so su gani ba ni ba. Ba a je hutun rabin lokaci ba ƙafarsa ta faɗa rami, jikinsa ya juya ita ba ta juya ba, daga inda nake tsaye na ji ƙarar gwiwar. Ana ɗauke shi daga fili Farzidan na can ƙarƙashin rumfa yana raba wa baƙi lemo, ko tasowa bai yi ba.

Washegari ya aika aka kawo mai ɗori, ya murza ya ɗaure ya ce targaɗe ne. Ba na raina masu ɗori, ni ma an taɓa ɗora min hannu ya kama, amma wannan ba ƙashi ba ne. Kumburi ya sauka, yana takawa, sai dai in ya juya da sauri gwiwar ta zame masa. Da na ga haka na rufe garejina na ɗauke shi muka tafi Maradi, likita ya duba ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ce ta tsinke, sai an yi aiki, kuma in ya kuskura ya koma fili a haka zai ƙarasa abin da ya rage, watakila ko noma ya gagare shi nan gaba. Da muka dawo na gaya wa Farzidan, sai ya tambaye ni wa da wa suka ji. Na ce daga ni sai Sanusi sai shi. Ya ce to a bar shi a haka. Ni da wautata na ɗauka tausayi ne, kada tsohuwa ta ji hankalinta ya tashi.

Gonar Sanusi tana kan hanyar Bader Gula, lokacin maimai ya zo ba mai shiga, ciyawa ta fi geron tsawo. Na tara yaran ekip na ce mu yi masa gayya, ƙarti ne majiya ƙarfi, wuni ɗaya ya ishe mu, matarsa har ta jiƙa gero za ta dama mana fura. Ranar ta zo Farzidan ya aiko wai babbar motarsa ta iso da masara, yara su je su sauke, wanda bai zo ba kada ya sa rai da sabon takalmi. Ba na ganin laifin yaran, talauci ne, amma 'yan kaɗan ne suka bi ni gona, muka yi abin da za mu iya, furar nan sai maƙwabta aka raba wa. Abin da Sanusi ya girba bana ba zai kai su ko tsakiyar rani ba.

Yanzu gasa ta matso, ranar Asabar ake rufe karɓar sunaye. Akwai wata ekip ta wajen Sabon Maci da ta daɗe tana zawarcin Sanusi, sun ji ya ji ciwo amma labarin da ya kai musu shi ne targaɗe ne kuma ya warke. Ashe Farzidan ya bi ta bayan fage ya daidaita da mai ekip ɗin, mu ba su Sanusi da kasonsa, su ba mu matasa biyu waɗanda in an haɗa nasu bai kai na Sanusi ba. Ka ga mun rabu da gurgu, mun sami ƙafafu huɗu, ga sauran wuri a ƙarƙashin iyaka. A bakin wani ɗan komiti na fara ji, ni da nake koci.

Na sami Farzidan a magaza, wallahi ban san lokacin da muryata ta hau ba, har masu awo suka tsaya suna kallo, ya ja ni ciki. Na ce masa wannan zalunci ne hawa biyu, an cuci yaro an cuci mutanen da suka yarda da mu, a hidimarsa Sanusi ya nakasa, in da adalci shi ya kamata ya kai shi a yi masa aiki. Ya ce shi bai tura ƙafar kowa rami ba, ƙaddara ce. Na ce to a bar shi cikin ekip ya ci kasonsa bana ko bai buga ba, mu yi maneji da yaran da muke da su. Ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba, kup yake so. Maganar da ta fi ƙona min rai ita ce da ya ce, "Kai koci, a kasuwar bisashe wa ka hwaɗa ma mai saye raƙumi na ɗingishi? Mai saye shi ka buɗe ido." Mutum ne fa, ɗan mutane, da ya yi shekaru yana zuba masa gumi. Ban yi mamaki sosai ba, wanda ya saba zuba mai kyau a bakin buhu ba zai ga aibin wannan ba. An ci moriyar ganga ke nan za a ya da kwaurenta, kuma a ƙofar wani ake so a yar.

Ya rufe da cewa zaɓi biyu ne, ko a yi musaya Sanusi ya je can ya ci gaba da karɓar kasonsa har da buhunan gero da suka yi alkawarin ba shi na shiga, ko kuma in na buɗe baki ciniki ya lalace, ya cire sunansa ya sallame shi hannu rabbana, kuma hakkin iyalinsa a wuyana. Kun ji yadda ya juya abin, shi ya yi ɓarna, ni zan zama azzalumi.

Na fita da niyyar in tona komai, ko zan bar ekip ɗin in bari. Sai ga Sanusi ya zo gareji da hantsi, yana tafe yana dokan ƙasa da ƙafar don in ga ta warke, har da ɗan tsalle. Na ce ya bar yi min wasan yara, tare muka je wajen likita. Sai ya zauna a kan benci ya ce ya san komai, Farzidan ya kira shi, kuma shi ya amince. Na ce ka ji abin da likita ya ce, ko rabin wasa ba za ka kai ba. Ya ce zai ɗaure ta da bandeji ya sha magani, ko wasa biyu ya samu ya buga geron ya riga ya shiga rumbu. Na yi ta faɗa, na ce shekarunsa nawa da zai sayar da ƙafarsa a kan buhu, in ya nakasa wa zai riƙe gidan. Ya bari na gama ya ce, "Koci, ƙahwata ce ba taka ba. In ka hana ni tahiya, kai za ka ci da inna?" Ni kuwa abin da nake samu a gareji da ƙyar yake riƙe nawa gidan. Da zai tafi na bi shi da ido, ya yi tafiyarsa tsaf har ya sha kwana, na leƙa ta bayan katanga na gan shi dafe da bango yana jan ƙafar. Haushinsa na ji, haushin Farzidan, har haushin dokar da na ɗaga wa hannu, na koma ciki na kasa ɗaura ko noti ɗaya.

Ga inda abin ya tsaya min a wuya. Kocin waccan ekip ɗin, mu ce Isufu, abokina ne tun muna lekol, benci ɗaya muka zauna, in wasa ya kai mu garinsu a gidansa nake cin tuwo ko mun ci su ko sun ci mu. Shi ma ba mai kuɗi ba ne, kuma matasan nan biyu da za a karɓe masa shi ya raine su kamar yadda na raini Sanusi. In aka yi musayar nan kason Sanusi zai cinye musu wuri, ranar da gwiwar ta tona kanta ba su da halin ɗauko wani, shekararsu ta tafi, kuma Isufu za a kora a ce bai iya zaɓe ba. Jiya ya kira ni, bayan gaisuwa ya ce mai ekip ɗinsu ya matsa a kai Sanusi likita a duba shi kafin a sa hannu, amma shi ya ce ba sai an wahalar da yaro ba, yana da wanda zai tambaya. Ya ce, "Ni ban san Alhajinku ba, kai na sani. Yaron ga lahiyatai lau? In ka ce lau, ko likita ba mu zuwa, maganarka ta ishe ni." Na ce masa ina kan babur, zan kira shi in na sauka. A zaune nake a kan benci lokacin.

Matata ta ce in faɗi gaskiya in bar wa Allah sauran, ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wasan farko kowa zai gani. Wani dattijo da na yi wa zancen a dunƙule ya ce tunda mai ƙafa ya yarda ni mene ne nawa, in ce ban sani ba su je su bincika. Amma na sani, kuma Isufu ya san babu abin da zai sami Sanusi ban sani ba, in na ce ban sani ba ma amsa ce.

In na faɗi gaskiya Sanusi ya rasa can ya rasa nan, gidansa ba hatsi, ga gwiwar ba a yi mata aiki ba, kuma har abada zai ce ni na toshe masa. In na ce lau, na yaudari mutumin da ya ajiye likita ya ɗauki maganata, sannan da bakina na tura yaron da na raina filin da zai dawo da shi a kan amalanke. Shi kuwa wanda ya haddasa duk wannan, ko ta ina aka bi barcinsa zai yi har da minshari.

Don Allah masu hankali da malaman cikinku ku faɗa min, ban da zagi don wanda nake yi wa kaina ya isa. Isufu ya sake kira sau ba adadi ban ɗauka ba, ɗazu ya turo saƙo wai ko har yanzu ban sauka daga babur ɗin ba. In na kira shi me zan ce masa?