Malamin Suwidin da Takardun Kaka

Zuwa ga Kakana Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon naka? Yaya Inna da sauran mutanen gida? Mu nan Liyon ta Faransa lafiya lau.

Kaka, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba na son karatun likitan da Baba ya zaɓa mini. Tsofaffin littattafai nake son karantawa.

A lakkol aka ba mu aiki kan wani shehin malami ɗan ƙasar Suwidin, na zamanin da. Ya bar gida yana saurayi, ya sha yawon neman ilimi, ya koma yana koyar da Latin da Girkanci har tsufansa. Ni da na saba da littattafan soyayya, na zaci barci zan yi. Sai malamarmu ta nuna hoton littafinsa. A ƙasan kowane shafi an ajiye kalmar farko ta shafin gaba, daidai irin takardunka!

Nan take na tuna zaurenka a Damagaram, ranar da iska ta watsa takardun gafakarka. Ina kuka, kana dariya: "Amaryata, bi kalmar ƙasa, kowace takarda ta san 'yar'uwarta." Wallahi har ƙanshin tawadarka na ji.

Don Allah ka yi wa Baba magana, taka kaɗai yake ji. Ka sa ni a addu'a, ka gaida Inna.

Na so in ɓoye wasiƙar nan, kunya nake ji. Amma maƙwabciyarmu Hajiya Rabi gobe za ta tafi gida Damagaram. Bari in sauka in ba ta.

Amaryarka,
Nana