Babu Kowa a Gabana

Daren Laraba, Yakasai.

Yau na tsaya a zagayen ƙarshe. Ban faɗi ba, ban ji ciwo ba, kawai na ja na tsaya kamar an zare min laka. Koci ya yi jifa da usur, ya ce, "Kai Nura, wai don wa kake gudun nan?" Har yanzu tambayar tana cin raina.

Tunda na shiga jami'a ƙeyar Bashir nake kallo, kullum shi na ɗaya, ni na biyu. Haushinsa ke tashina da asuba, shi ke sa in cije idan ƙirjina ya ɗau wuta. To, Bashir ya faɗo daga babur ya karye. Ga fili fetal an bar min, ƙafata kuma ta ƙi.

Bayan la'asar na je Ƙofar Ruwa duba shi. Yana kwance a soro, ƙafa cikin karan ɗori.

Ya ce, "An ce ka tsaya."

Na ce, "Gajiya ce."

"Ƙarya kake, malam. Ni ma hucinka nake ji a bayana, tsoronka ke korata."

Gobe za a zaɓi masu zuwa gasa. Na wanke takalmina, na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ɗazu kafin in taho Bashir ya ce zai sa a ɗauko shi ya zauna a bakin fili. Na ce ya yi zamansa a gida. In har sai na ga ƙeyar wani nake iya gudu, gara in sani gobe.