A Ajiye Tsintsiya a Gonar Baba

Riyad, Saudiyya

Zuwa ga Yaya Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya a Baissa, kai da iyali. Ni ma lafiya lau, an sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, ina nan ina aikin lambu a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Na rubuto ne don na kasa faɗin wannan magana a waya, kunya ta hana ni.

Ka tuna zuwana gida shekara uku da suka wuce, da na shiga gonar kokon marigayi Baba na ce ƙazanta ta yi yawa. Ni da na saba da lambunan nan, inda ganye ɗaya in ya faɗi sai mudir, shugabanmu a wurin aiki, ya daka tsawa a share, na matsa sai an share busasshen ganye an ƙone, an sare itatuwan inuwa na gefen hanya, an zuba takin zamani. Ka ce Baba bai taɓa share gonar nan ba. Na ce maka ai Baba bai taɓa fita waje ba, a gaban matarka Anti Zuhura kuwa. Wayyo, bakina! Sai kawai ka ɗauki tsintsiya.

Gwaggo Kaltume ce ta gaya mini abin da kake ɓoye mini. Ta ce ƙasar wurin da aka share ta yi fari ta taurare, cittar da ake shukawa a gonar ba ta wuce ɗan yatsa, masoron da ke hawa itatuwan ya tafi tare da su, 'ya'yan koko kuma suna baƙi tun suna ƙanana. Duk da haka na ɗora laifin a kan damina.

To, ranar Lahadi aka kawo mana buhunan baƙar ƙasa daga ƙetare, don yashin nan ba ya riƙe komai. Na sha zuba ta ban taɓa kula ba. Wannan karon buhu ya fashe a ƙafata, ƙamshi ya buge ni, wallahi Yaya ƙamshin gonar Baba ne da safe. Na tambayi Sharif, abokin aikina, me ke ciki. Ya yi dariya ya ce ruɓaɓɓen ganye ne kawai. Jirgin ruwa ke kawo abin da na sa ka ƙone. Na durƙusa a wurin, na ɗebi ƙasar a hannuna.

Na san na ce in an gama ɗibar kokon bana a share ɓangaren rafi ma. Don Allah kada a taɓa shi, shi kaɗai ya rage yadda Baba ya bar shi. Abin da ya lalace kuma, yadda ka ga ya dace haka za a yi, ba zan ƙara sa baki ba.

Ka gaishe mini da Gwaggo, da Anti Zuhura, da su Nazira. Ka karanta wasiƙar nan a gaban Anti Zuhura, tunda a gabanta na yi maka rashin kunyar.

Ƙaninka mai neman gafara,
Almustafa