Irin Ya Yi Kyau a Buhu

Urafane, 6 ga Mayu, 1963

Zuwa ga Kawu Na Allah, tsohon tafinta, Tasawa.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, da Inna Biba da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai dai wani abu ya tsaya mini a rai.

Ka san an turo ni nan malamin gona, aikina na farko tun fitowata daga lakkwal, wato makaranta. An ba ni buhunan sabon irin gyaɗa mai saurin nuna, in raba wa manoma kafin ruwa ya sauka. Ranar Laraba na tara mutane a gindin gawo, na tsaya na yi bayani kusan awa guda, har da zane a allo. Ba wanda ya musa mini. Duk abin da na faɗa sai su ce "To." Da na gama, Sarkin Noma Manzo, dattijon da duk gari ke jin maganarsa, ya damƙi irin ya duba, ya ce, "Madalla. Irin ya yi kyau a buhu." Kowa ya gyaɗa kai. A ranar na rubuta wa shugabana cewa gari ya yarda.

Yau kwana biyar, ba wanda ya zo ya ɗibi ko tiya ɗaya. Shugaba kuwa ya ce in damina ta kama buhunan a sito, biro, wato ofis, zai mayar da ni in riƙa buga hatimi, ni da gona sai hange. Kawu, me ya sa manyan mutane za su yi mini ƙarya?

Ka huta lafiya. Ɗanka, Abdurrahamane.

Tasawa, 9 ga Mayu

Ɗana Abdu,

Na amsa gaisuwa, Innarka ma ta amsa. Na karanta takardarka na yi dariya har ta leƙo daga madafi tana tambayar ko lafiya.

Ba wanda ya yi maka ƙarya. Shekara ashirin da biyu na yi tsaye tsakanin kwamandan Turawa da talakawa, kuma rabin aikina fassara "to" ne. Akwai "to" na na ji ka. Akwai na ci gaba, muna saurare. Akwai wanda ake ja da tsawo, shi kuwa ma'anarsa yaro, rana ta yi, ka sallame mu. Wanda ke nufin na yarda shi ne mafi ƙaranci, kuma ba ya zuwa shi kaɗai, sai an bi shi da tambayar yaushe ko nawa. Akwai wanda ya tambaye ka yaushe?

Yanzu mu zo ga Manzo. Na san shi tun muna samari, ba ya ƙara kalma a banza. Da yabo yake nufi, da ya ce irin ya yi kyau ya tsaya nan. Amma ya ƙara "a buhu". Wato ba su gan shi a ƙasa ba. Kai baƙo ne, ɗan gwamnati, ba zai ce maka a'a gaban jama'a ka ji kunya ba. Ya rufa maka asiri, kuma ya gaya maka gaskiya, duk a numfashi ɗaya.

Ba ka faɗa ba, amma na san ba ka je gidansa ka gaishe shi kafin taron ba. Na san kuma kana tsaye suna zaune. Ka bar allon nan a ɗaki, ka je masa da hantsi, ka tuɓe takalmi ka zauna a ƙasa. Ka yi gaisuwa har ta ƙare da kanta. Ka tambaye shi halin ƙasar garinsu. Kada ka ambaci iri sai shi ya ambata.

Allah ya yi maka albarka. Kawunka, Na Allah.

Urafane, 2 ga Yuni

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi yadda ka ce, ko da yake harshena ya sha ƙaiƙayi. Kwana biyu ina zuwa, muna zancen jigawa da fadama da cutar da ta kama awaki bara. A rana ta uku ya dube ni ya ce, "Ashe malamin gona yana da kunne. Yaya buhunanka?"

Daga nan ya ba ni labari. Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya kawo musu iri mai kyan gani, shi Manzo ya sa baki mutane suka shuka. Ganye ya yi, ƙwaya babu. Ya ce waccan shekarar ya daina bi ta tsakiyar gari don nauyin idon mutane.

Na ce, "Baba, ka ara mini ɗan wuri in shuka da hannuna. In ya lalace, nawa ne ya lalace."

Sai ya ce, "Akwai wani yanki a bakin hanya. Nan kowa ke wucewa."

Wannan karon na gane, Kawu. Yana gaya mini cewa in abin ya ƙi, ba inda zan ɓoye. Na ce na karɓa. Sai ya ce in kawo masa tiya biyu, wai don kada kuyyar da zan shuka ta yi kaɗaici. Washegari mutum tara suka zo sito, kowa da irin sallamarsa: "Mun ji an ce akwai saura." Ba wanda ya ce yana so. Na auna musu ban tambaya ba. Kafin ruwan shuka rabin buhunan sun fita. Shugaba ya zo ya gani, ya ce rabi ba duka ba ne, amma mu ga kaka.

A gaida Inna. Ɗanka, Abdu.

Urafane, 11 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ka yafe mini dogon shiru, noma ya sa hannuna ya yi kanta har alƙalami na zame mini.

Albishirinka. Ruwa ya ɗauke da wuri a nan, tsohon iri bai gama cika ba, namu kuwa ya riga ya nuna. Ranar da muka cire gyaɗar bakin hanya, masu zuwa kasuwa suka tsai da jakuna suna kallo. Manzo ya ɗaga tushe ɗaya, ya karkaɗe ƙasa, ya ɓare ya tauna, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baɗi yaushe za a fara rabo?" Na ji kamar in yi tsalle. Shugaba ya rubuto cewa ina nan a Urafane.

Akwai wata ƴar magana. Jiya na je gidan Manzo, ɗiyarsa Husaina ta kawo mana fura. Ita ce ke kai wa ƴan gayya abinci a gona duk damina, mukan ɗan yi hira, ta iya tsokana, ta taɓa cewa ina riƙe hauya kamar alli. Bayan ta koma ciki, Manzo ya ce furar nan Husaina ba ta dama wa kowa irinta. Sannan ya ce, "Gidan da gwamnati ta ba ka ya yi wa mutum ɗaya yawa." Ya kuma tambaye ni ko kana da ƙarfin tafiya har yanzu.

Na ce masa gaskiya ne gidan ya yi yawa, ina ma tunanin in zuba harawa a ɗaki ɗayan. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Tooo."

Tun jiya nake juya maganar. Ina jin na gane, amma ina tsoron kada son raina ne ke yi mini fassara.

Ɗanka, Abdu.

Tasawa, 13 ga Oktoba

Abdu,

Na amsa gaisuwa. Kada ka zuba harawa a ɗakin nan, ka sa a yi masa daɓe. Innarka ta riga ta fita sayen goro, tana rangaɗa guɗa tun daga zaure. Muna nan tafe da motar kamyon jibi.

Kafin mu iso, kada ka ƙara amsa wa Manzo komai. Ka gaishe shi kawai.

Kawunka, Na Allah.